Rasuwar Kawu Hedley Tizzard da Wurin da Ya Rage a Ɓangaren Arewa

Cikin alhini da rashin natsuwa, Kwamitin Kula da Maƙabarta na Babbar Majami'ar Anglika ta Saint Aldhelm da ke Port Garland, a madadin Mai Girma Bishop, da Babban Limamin Majami'a, Mai Daraja Rabaran Cluny Pardy, da dattawan ikilisiya baki ɗaya, ya samu labarin rasuwar Mista Hedley Ambrose Tizzard, wanda babba da yaro ke kira Kawu Hedley, mai kula da maƙabartarmu tsawon shekara hamsin da huɗu. Ya rasu da hantsin Talata, takwas ga watan Afrilu, a kan kujerarsa ta ɗakin girki, ya sa takalmin aiki ƙafa ɗaya bai kai ga ɗayar ba, yana da shekara tamanin da ɗaya a duniya. Ya bar matarsa, Misis Marina Tizzard, wato Gwaggo Marina, da 'ya'yansu biyu, Glenda da Wilbur, da jikoki biyar.

Ba zai yiwu a faɗi hidimar marigayin ba sai an taɓo tarihin wurin da ya yi wa hidima. Kakanninmu sun gina wannan majami'a a shekarar 1847 da duwatsun da jiragen kifi ke lodawa a cikinsu don kada iska ta kifar da su, kuma tun kafin a ɗora mata rufi aka fara binne mutane a gefenta. Kudu da gabas suka zama na masu dutsen kabari da suna a rubuce. Ɓangaren arewa kuwa, inda inuwar ginin ke faɗawa, bisa tsohuwar al'ada can ake kai baƙin da teku ta amayo ba a san sunansu ba, da jariran da ba su kai ga baftisma ba, da masuntan da danginsu suka kafa musu gicciyen katako kawai. Iskar gishiri ta cinye katakon. Gobarar 1931 ta cinye littafin da aka rubuta wanda ke kwance a ina. Abin da ya tsira shi ne abin da ke kan Eli Tizzard, mahaifin marigayin, wanda ya riƙe kaburbura ɗari da sittin da uku a ka, ya bi da ɗansa kansu ɗaya bayan ɗaya har suka zauna masa.

Kawu Hedley ya karɓi aikin a 1971. Shi ya gyara ɗakin hunturu, inda akwatunan mamatanmu ke jira daga lokacin da ƙasa ta daskare har ta saki a watan Mayu, kuma a duk shekarun nan bai taɓa kafa shebur a kan ƙashin kowa ba. Amma babban aikinsa shi ne na Taron Furanni, Lahadin ƙarshe ta watan Yuli, ranar da kowa ke zuwa da fure ya tsaya kan kabarin mamacinsa. Mutanen kudu da gabas kowa ya san dutsensa. Mutanen arewa kuwa, da ba su da komai sai ciyawa shimfiɗe, Kawu Hedley ne ke kama hannunsu ya kai kowa kan nasa, ya juya masa fuska gabas. Kaburburan baƙin da ba su da kowa sai ya raba wa waɗanda suka zo hannu rabbana, kuma wanda ya ba ka, ya zama naka ke nan har ka mutu ko ka miƙa wa ɗanka. Ba ya karɓar uzuri. Mai sa hannu a wannan takarda tana amarya ya tsayar da ita kan kabarin wani matuƙin jirgi da teku ta kawo a 1889, da ta matsa don gudun taɓo, sai ya daka mata tsawa a gaban surukanta: "Ke 'yar nan, koma inda na ajiye ki! Kin hau kan cikin Kaka Dorcas, ita kuwa ko tana da rai ba ta son a taɓa ta." Shekara arba'in da biyu ke nan ba ta sake kuskuren taku ɗaya ba.

Kwamiti ba zai ɓoye laifinsa a cikin kalaman ta'aziyya ba. Shekara goma sha ɗaya maganar zana taswirar ɓangaren arewa tana cikin ajandar zamanmu, kullum ita ce ta ƙarshe, kullum shayi ya huce kafin a kai gare ta, a ɗage zuwa wata mai zuwa. Mun ga mutum da ƙarfinsa yana sarar kankara a bakin ƙofa, muka ɗauka zai jira mu. Sau ɗaya muka yunƙura, muka gayyato masana daga wata jami'a da na'urar da ke leƙa cikin ƙasa, suka kwana uku suna tura ta kamar keken jariri, amma duwatsu da ruwan da ke ƙarƙashin wurin suka ruɗa ta, har ta nuna kabari a ƙarƙashin rumbun ajiye kayan aiki. Kawu Hedley yana zaune kan bokiti yana kallonsu, abin da ya ce kawai shi ne, "To, madalla. Ku tambaye ta sunansa mana." Muka yi dariya, muka koma gida, ba mu rubuta komai ba. Yau dariyar ta dawo mana ciki, kuma tun ranar Talata babu wani ɗan kwamitin nan da ya zauna wuri ɗaya na minti goma.

Ga abin da ya hana mu sukuni. Marigayin ya sha faɗa, a gaban Babban Limami da gaban iyalinsa, cewa wuraren da ke ɓangaren arewa ɗari da sittin da huɗu ne, cewa ɗaya bai taɓa karɓar kowa ba, kuma nan yake so a sa shi, a bar zurfi don matarsa ta same shi daga baya. Bai taɓa nuna wa kowa wurin ba. Duk wanda ya matsa masa, amsar ɗaya ce: "Kai dai tsaya inda na tsayar da kai, sauran ba ruwanka." Za a yi masa sujadar jana'iza ranar Asabar, sha biyu ga Afrilu, da ƙarfe biyu na rana, sannan a kai shi ɗakin hunturu, ya zama na goma a cikin masu jira, a kan kantar da shi da kansa ya kafa. Sauran taran duk na sabuwar maƙabarta ne da ke hayin babbar hanya, ba su da matsala. Ƙa'idar ikilisiya ta ce kafin ƙarshen Mayu ɗakin ya zama babu kowa. Idan ranar ta zo ba mu san wurin ba, ba za mu yi haƙa da ka ba, mu tone wa wani bawan Allah makwanci a kan mutumin da bai taɓa yin haka ba. Dole mu tsallaka da shi hayi, wurin da ya ce ko gawarsa aka kai can sai ta dawo da ƙafa.

Glenda ce ta kawo mafitar da muke da ita, kuma ba mu da wata. Tana tsaye a ɗakin taro ko rigar sanyi ba ta cire ba, ta ce, "Ku kuna neman takarda, Baba kuwa a jikin mutane ya rubuta. Ku kira su kowa ya hau kan nasa, ku ga inda ya rage." Gaskiya ta faɗa, sai dai abin ba sauƙi. Rabonmu da ganin ɓangaren arewa cike tun kafin gwamnati ta hana kamun kifi a tekunmu. Mutanenmu sun watse, wasu Alberta, wasu Toronto, wasu suna gidan tsofaffi, kuma a Taron bara mutum saba'in da ɗaya kacal muka ƙirga. Idan mutum ɗaya ya ƙi zuwa, gurbi biyu za mu gani, ba kuma za mu san wanne ne fanko, wanne ne kakar wani ba.

Saboda haka Kwamiti yana kira, ba gayyata ba, ga duk wanda Kawu Hedley ya taɓa kama hannunsa ya tsayar a ɓangaren arewa, ko shekara nawa da suka wuce, da ya hallara ranar Asabar, sha bakwai ga watan Mayu, da ƙarfe goma na safe. Wanda ciwo ya kwantar ya aiko ɗansa, ya kwatanta masa wanda ke tsayawa a damansa da wanda ke hagunsa. Wanda ya gaji wurin uwarsa da nasa, ya zo da mutum na biyu. Dangin Pardy da dangin Hillier da ba sa ga-maciji tun rikicin tashar jirgi, muna tunatar da su cewa kafaɗa da kafaɗa ya tsayar da su, kuma ba mu roƙe su su gaisa ba, tsayawa kawai muke so. Masu bugo waya suna tambayar irin furen da za su aiko, mun gode, amma ku bar furen ku zo da ƙafafunku. Ya zuwa safiyar yau sunaye tamanin da takwas muke da su, saura saba'in da biyar, ga kwanaki suna gudu.

Kwamiti yana miƙa ta'aziyyarsa ga Gwaggo Marina, da Glenda, da Wilbur, da jikoki, da dukkan dangin Tizzard na nan da na nesa, da Mai Daraja Babban Limami da ya rasa abokin gardamarsa na kowace safiya. Muna roƙon Ubangiji, wanda ya san kowane mai barci da sunansa ko da babu dutse a kansa, ya ba bawansa Hedley hutu, ya ba iyalinsa ƙarfin zuciya da jimirin wannan jira, ya kuma gafarta mana sakacinmu.

Mutum ɗaya ce kawai marigayin bai taɓa ba wa kabari ba a duk Tarukan Furanni hamsin da huɗu da ya jagoranta, ita ce matarsa. Ta faɗa mana jiya cewa duk shekara sai ta yi masa ƙorafi, shi kuma ya ce, "Haba Marina, gaggawar me kike yi? Naki yana nan, ba mai taɓa miki." Ta sanar da Kwamiti cewa ranar sha bakwai ga Mayu za ta tsaya a bakin ƙofar arewa da furenta a hannu, ba za ta shiga ba sai kowa ya hau kan nasa. Daga nan za ta taka zuwa inda babu kowa ta tsaya, mu kuma a nan za mu haƙa. Shekararta saba'in da tara, kuma ƙafarta ba ta jure doguwar tsayuwa. Don Allah kada ku bar ta a bakin ƙofa.

Sa hannu:
Misis Verna Rideout
Sakatariya kuma Mai Magana da Yawun Kwamitin Kula da Maƙabarta
Babbar Majami'ar Anglika ta Saint Aldhelm, Port Garland, Newfoundland
Alhamis, 10 ga Afrilu