Murhun Inna da Kaskon Kisra

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya zaman Bur Sudan? Mu nan lafiya lau.

Bana hayaƙin wutar jin ɗumi ya tayar wa Inna tari sosai. Da na taso daga makaranta ranar kasuwar Dinder, na kai ta wajen maƙeri, na zaɓi murhu mai cin itace da gawayi, mai bututun hayaƙi. Sai ta zaro kaskon toya kisra, gurasar nan tamu ta dawa, daga kwandonta ta aza a kan murhun. Bai zauna ba.

Ta ce mini, "Malam, wutar da ba ta toya kisra, ɗumin me za ta yi mini?"

Muka ɗauki wani murhun mai bututu, mai faɗin bakin da kaskon zai zauna. Mako biyu ke nan ban ji tarinta ba.

Ka sa ta a addu'a. Gai da Hauwa da yara.

Ƙanenka,
Isa