Rigar Saƙin Baba Ba Ta Je Abuja Ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan kana cikin ni'ima a makwancinka, 'yarka Rabi ce daga Bungudu. Ƙarar autanka Sani na kawo, don duk wanda na kai wa a nan duniya haƙuri kawai yake ba ni.

Baba, jam'iyya ta yi babban taronta na fid da ɗan takarar shugaban ƙasa a Abuja, kuma Sani aka tura wakili daga nan. Daliget ake ce musu yanzu. Sani fa, wanda tun da ya buɗe shagon waya a Tudun Wadar Gusau sai salla ke kawo shi gida. Ni da na yi furfura ina shugabar matan mazaɓa, na tsinke takalma wajen shiga gida-gida, aka tsallake ni. Dattawa suka ce ai shi ɗan Malam Garba ne. To ni 'yar wa ce? Ina kishi, Baba, kishin da ke hana ni cin tuwo, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Kada ka ce don ina mace ne. Luba, 'yar abokin tafiyarka na Bilbis, ita mutanen Tsafe suka tura. Na ga hotonta da katin wakilci rataye a wuya, sai na kife wayar.

Ka sha ba mu labarin tafiyarka ta farko ta wakilci, kana saurayi, a bayan babbar mota zuwa Kaduna. Ta Ikko kuwa da idona na gani. Muka raka ka tashar jirgin ƙasa ta Gusau, Inna tana cusa maka dakuwa a jaka tana faɗa wai ba ka iya cin abincin Kudu. Daga baya ka je Jos, ka je Abuja. Jam'iyyu suka mutu, sojoji suka zo suka tafi, wasu jam'iyyun suka tsiro, kai kuwa rigarka ɗaya ce, babbar rigar nan ta saƙi.

Da an ga Inna ta aika da ita wurin masu bugu, unguwa ta san tafiya ta zo. Jajiberin tafiya sai ka sa ta ka zauna a zaure. Manoma, mahauta, Fulani daga ruga, har Baban Ngozi mai shagon magani, kowa ya faɗi wanda yake so a zaɓa. Mata su cika ɗakin Inna su aiko da nasu. Kai dai kana gyaɗa kai kana cewa, "Ba bakina za ni kaiwa ba, naku na ɗauka." In ka dawo, ba ka tuɓe rigar sai ka koma zauren ka faɗa musu wanda ka jefa wa ƙuri'a, ko ya ci ko ya faɗi.

Ka san rigar tana hannuna tun rasuwar Inna. Duk da abin da ke cin raina, na kai ta an buge, na ninke, na ajiye wa Sani.

Jajiberin tafiyarsa tsofaffin unguwa suka zo zaurenka kamar yadda suka saba. Aka shimfiɗa tabarmi, aka jira har la'asar ta yi sanyi. Sani yana Gusau. Da suka gaji, ni suka faɗa wa abin da ke bakinsu, ni da ba inda zan kai shi.

Washegari sai ga shi a mota, ko kashe ta bai yi ba. Ya ce, "Yaya, rigar Baba nika so, don a gane ni ɗan wane na." Na ce ya shigo zaure tukuna ya ji saƙon mutane. Ya yi dariya ya ce, "Wanga zamani ba haka aka yi ba, can masauki za a hwaɗa muna wanda za mu zaɓa."

Baba, rigar tana bayan ƙofa, hannu kawai zan miƙa. Na ce masa ba zan bayar ba.

Dangi sun ce kishi ne ya sa na hana. Akwai shi, ban musa ba. Amma da ya zauna ko na shan ruwa ne, wallahi da kaina zan gyara masa wuyan rigar, in shiga ɗaki in yi kukana.

An yi taro an watse. Sani ya wuce Tudun Wada kai tsaye, tsofaffin nan kuwa har yau in na fito ni suke tara da tambaya: wa aka zaɓar muna? Ban sani ba, Babana. Na mayar da rigar cikin adaka. Wanda zai iya sa ta bai zauna ba, wadda ta zauna kuma ba za ta iya sa ta ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Inna a Aljanna. Allah Ya shiryi Sani, ni kuma Ya sanyaya mini wannan zuciya, don ta ƙi jin magana.

'Yarka ta fari,
Rabi