Furannin da Suka Shiga Tsakanina da Yayana

Zuwa ga Malam Bakari, mai filin shawara.

Malam, don Allah ka taimake ni, domin abin da ke damuna ban san wanda zan gaya wa a garin nan bai yi mini dariya ba. Maganar furanni ce. Na san yadda za ta faɗa a kunne, namiji da gemunsa yana kawo kuka a kan fure, amma ka daure ka karanta har ƙarshe.

Ni tsohon soja ne, mutumin Gazawa. Na yi wa Faransa soja, aka kai mu Aljeriya, can na samu rauni a cinya na daɗe kwance a asibiti. A bakin tagar da gadona yake akwai wata itaciya mai yaɗo da ƙaya, furenta ja kamar an yayyanka takarda an rataya. Buganbil suke ce mata. Ita na yi ta kallo har na tashi. Aka sallame ni, na dawo gida a shekarar da aka sauke tutarsu aka ɗaga tamu.

Na tarar mahaifinmu ya rasu, yayana Gado ke riƙe da gida da gandu. Ban da abin faɗi a kansa. Ya yanka mini sashe a gefen gida, ya tsaya aka yi mini aure da Tala, bai taɓa yi mini gorin ƙafar da ba ta barina in kai ƙarshen kunya a gona tare da sauran maza ba. Sai dai akwai abin da ban gaya masa ba, ban gaya wa Tala ba. Tun da na dawo ba na iya zama cikin taro. Ranar kasuwa, in kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, ya yi wata irin ƙara, sai hannuwana su kama rawa, in rasa inda zan sa kaina.

Wata rana na je Maraɗi gaida Dogo, abokina da muka yi soja tare, yana gadin gidan wani Bature da ke haɗa kayansa zai koma ƙasarsu. Sai ga itaciyar nan ta asibiti ta lulluɓe katanga. Dogo ya yanko mini rassanta, ya haɗa da na wata mai dogayen ganye da fure mai ƙamshi, wai ita loriye. Na naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhu na kawo gida, na dasa a fasassun tukwane da rairayi da tsohon taki, na ajiye a inuwa. Da yawa sun bushe. Waɗanda suka kama, buganbil na kafa mata rumfa a ƙofar ɗakina, yanzu ta haye ta rufe. Loriye kuwa na jera ta jikin darnin da ya raba mu da maƙwabciyarmu Barira, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, asalinsu Fulani ne da suka daɗe da zama suna noma.

Malam, in ina yi musu aski, ko ina ɗaure reshe, ko ina sassauta ƙasar gindinsu, hannuna ba ya rawa. Nan kaɗai nake jin na dawo gida da gaske.

Matsala ta fara daga ruwa. Rijiyarmu tana da zurfi, da rani mata kan yi dogon jira. Tala ce ke ja, kuma kowace safiya nakan ɗebi na furanni daga randarta. Na ga yadda igiyar guga ta ci tafin hannunta, na kuma ji matan unguwa suna yi mata ba'a wai tana shayar da ƴaƴan Bature. Gado ya sha ce mini itacen da ba a ci, ba a sha, ba a magani da shi, wasan Turawa ne, su ma masu wasan sun tafi.

Sai ga abin da ya faru a watan jiya. Akuyar Barira ta zura kai ta ɓarakar darni ta ci ganyen loriye. Kafin la'asar ta fara zawo da karkarwa, washegari ta mutu. Likitan dabbobi da ya zo allurar shanu ya ga ganyen, ya ce guba ce. Wallahi ban sani ba. Akuyar nan da nononta Barira ke ciyar da jikanta maraya. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kai ƙara ba, amma in na gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wuri.

Gado ya kira ni zaure ya ce yau akuya ce, gobe ɗayan yaran gidan ne zai sa fure a baki. Ya ce kafin ruwan farko ya sauka in tumɓuke su duka, har ta rumfa, in ba haka ba shi zai sa gatari, ko kuma in nemi fili in kafa gidana. Ba na son rabuwa da ɗan'uwana. Amma in aka sare su ban san abin da zan yi da kaina ba. Ina mafita?

Naka,
Mai Rumfa, Gazawa

*

Mai Rumfa, ɗan'uwa,

Ban yi dariya ba. Amma bari in fara da inda yayanka ke da gaskiya, don tana da yawa.

Loriye ta fita daga gidan nan, kuma kada ka jira damina. Ganyenta, furenta, ruwanta, duk guba ne, ɗanye ko busasshe. Ka tumɓuke ta da saiwarta da hannunka, kafin wani ya yi maka. Kada a ƙone ta, hayaƙinta ma yana cutarwa, kada kuma a bar reshe ɗaya inda mace za ta tsinta ta sa a murhu. Ka kai ta bayan gari ka binne da zurfi, ka wanke hannu da sabulu. Tsoron da Gado ke yi wa yara ba ƙiyayya ba ce, aikinsa ne na mai gida.

Daga nan ka shiga wurin Barira, kai da Tala. Rashin sani ya wanke niyyarka, amma bai mai da nono a ƙwaryar marayan nan ba. Ka nemi akuya mai shayarwa ka kai mata, kada ka tsaya sai ta tambaya, don irinta ba za ta tambaya ba.

Sai ruwa. A nan ma ka ɗora wa matarka abin da ba nata ba. Furanni naka ne, jan ruwansu naka ne. Raunin a cinya yake, hannu yana iya guga. Kuma buganbil da ta riga ta kafu ba ta bukatar shayarwa kullum. In ruwa ya yi mata yawa ganye take yi, in ta ɗan ji ƙishi sai ta ba da fure. Ka binne sabon tulu a gindinta har wuya, ka riƙa cika shi jefi-jefi kana rufe bakin, zai riƙa tsatsafo mata a hankali. Ka yi alwalarka a wurin. Ka baza ɓawon gyaɗa a kan ƙasar don ta riƙe laima, kana lura da gara. In fure ya zube ka rage mata rassa, musamman na ƙasa masu ƙaya da yara za su iya kaiwa.

Inda ka cire loriye, dasa lalle. Yana jure rani, yana yin shinge, furensa yana da ƙamshi, ba ya kashe akuya, kuma matan da ke yi wa Tala ba'a su za su zo roƙon ganye. Ba wanda zai ce masa wasan Turawa.

Yanzu inda Gado ya wuce wuri. Ya haɗa mai laifi da marar laifi, don buganbil ba ta cikin masu kashe dabba. Amma hukunci ya yanke a kan abin da ya sani, kuma kai ne ka ɓoye masa rabin maganar. A wurinsa ado kake yi. Bayan ka gama da loriye da Barira, ka same shi shi kaɗai, ka gaya masa abin da ka gaya mini, na kasuwa da na hannu, ba tare da ka rage ba. Mutumin da ya karɓe ka da rauninka na fili bai yi gori ba, ina kyautata zaton ba zai ƙi ka da na ɓoye ba. In duk da haka ya ce ba ya son ta a cikin gida, kada ka raba zumunci a kanta. Roƙe shi ɗan fili a gefen gandu, reshenta yana kamawa a duk inda ka kai shi, ka riga ka san yadda ake yi.

Tala ma ka gaya mata. Ta daɗe tana jan ruwa ba ta san dalili ba, ta cancanci ta sani. Kuma ka riƙa zama da Dogo da irinsa da suka ga abin da ka gani, don itaciya tana kwantar da hankali amma ba ta amsa magana.

Allah ya ba ka lafiya, ya daidaita tsakaninka da ɗan'uwanka da maƙwabciyarka, ya kawo mana damina mai albarka.

Malam Bakari