Allon Malam Ɗigo-ɗigo Yana Nan, Ba Mu Goge Ba

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Shara da Wanke Kwalabe ta Sashen Kemistiri tana sanar da samun labarin rasuwar babban malaminmu, Shehun Malami mai koya wa 'yan ajin farko ilimin kwantom, wato na ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, wanda ɗalibai ke kira Malam Ɗigo-ɗigo. Ni dai an gaya mini tun a bakin ƙofa, amma ban gane ba sai da na hau bene da bokitina na tarar da ƙanensa yana zuba littattafansa a kwali.

Sunan nan ni na jawo masa. Shekara goma sha tara da suka wuce, ina sabuwar zuwa, na ga allo cike da ɗigon alli, na ɗauka datti ne, na sa jiƙaƙƙen tsumma na share tas. Ashe awa biyu ya yi yana ɗiga su ɗaya bayan ɗaya. Maimakon ya kai ƙarata, marigayi ya yi dariya, ya ce na goge masa atam guda, ya miƙo mini alli muka sake ɗigawa tare. A nan ya gaya mini cewa komai, har tsumman hannuna, da atam aka gina shi, kuma a cikin kowane atam akwai wani ɗan abu, ilektiron, wanda ba mai iya nuna inda yake, sai dai inda aka fi sa ran samunsa. Inda ɗigo ya yi yawa, nan ya fi zama. Na ce masa ashe halin maigidana ne da shi.

Tun daga ranar, in ya rubuta “Kada a goge” a gefen allo, ba ma taɓawa, shi kuma yakan tsaya ya biya mu da bayani. Shi ya koya mana cewa ƙarfin ilektiron hawa-hawa ne kamar matakalar da muke wankewa, ko yana wannan taki ko yana wancan, ba ya tsayawa a tsakani. Bai taɓa ce mana tambayar ta fi ƙarfinmu ba. Da “Yaya” yake kirana, ko a gaban baƙi.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce, kafin rasuwarsa, ya ɗiga atam biyu suna matsowa kusa da juna. Na tambaye shi me ke riƙe su har su zama abu ɗaya, tunda ba igiya ba gam. Ya ce in bari sai Litinin.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, da 'ya'yansa, da mahaifiyarsa, da mai girma Shugaban Sashe da ɗaukacin malamai da ɗalibai. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa juriyar wannan rashi.

Mun samu umarnin a wanke allon kafin sabon malami ya fara darasi. Cikin ladabi muke roƙon a ɗaga mana ƙafa, har a samu wani cikin ɗalibansa ya ƙarasa zanen ya yi mana bayani. Tsakanin atam ɗin biyu har yanzu fili ne, ba a ɗiga komai ba, kuma ba mu san abin da ke riƙe su ba.

Sa hannu:
Yaya Mai Tsumma,
Shugaba kuma mai magana da yawun Ƙungiyar.