Fitilar da Na Bar wa Kifi

Daren Laraba, Bloomsbury

Yau tsoho Albert, mai kula da tankunan kifi a kwalejinmu, ya ba ni kunya ba tare da ya ɗaga murya ba. Wata uku ke nan ina barin fitila kunne dare da rana a kan kifayen trout ɗina. Gani nake duhun ƙasar nan ya ishe ni, balle su. Sun kuwa yi girma, har na rubuta wa ma'aikatarmu a Kano ina cika baki.

Da rana ya gasa biyu, nawa da nasa, ya ce in ɗanɗana. Nasa tsoka a ɗaure, ga zaƙi. Nawa kuwa lagwab, kamar jiƙaƙƙen burodi.

Sai ya nuna mini yadda yake rage haske a hankali da yamma, kamar shigowar magariba, har kifayen su lafa. Shekara talatin yana haka, ko digiri ba shi da shi.

Ya ce, "Ɗana, kai kana iya barci da fitila a ido?"

Wallahi mutumin nan malami ne. Da hannuna na rage musu hasken. Saura wasiƙar Kano. Gobe zan rubuta musu gaskiya.