Kwikwiyo Mai Suna Tashi

Auta,

Sallama da gaisuwa. Inna tana gaishe ka, ƙafarta da sauƙi. Ni kuwa kada ma ka tambaya.

Kwikwiyon da ka ba direbanku ya sauke mana a kwali yau kwanansa goma sha biyu a gidan nan, ni kuma kwanana goma sha biyu ban huta ba. Karnuka uku Baba ya rasu ya bari, sai ka ga ba su ishe ni ba. Duk abin da likitan dabbobi ya ce na yi. A waje na fara haɗa su, kowa da kwanonsa, kowa da wurin kwanansa. Ƙyalle da Guntu sun yi gurnaninsu na kwana biyu sun haƙura. Kwikwiyon kuwa ya tauna takalmin Inna, ya yi fitsari a kan littattafan ɗalibaina. Daga na dawo makaranta ba ni da aiki sai kiran sunan da ka liƙa masa, Tashi, Tashi, har murya ta dishe.

Damuwata Dattijo ne, tsohon cikinsu. Ya bar ƙofar shagon kafinta na Baba, inda ya shekara goma sha ɗaya yana kwanciya, ya koma bayan tulin katako. Ba ya cin abinci, haƙarƙarinsa duk sun fito. Likita bai ga ciwo ba, ya ce kishi ne. Idan karen Baba ya mutu saboda kwikwiyonka, ba zan yafe maka ba. Ka zo ka ɗauki abinka.

Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauko. A gaida Inna, a ce mata takalmi yana wuyana.

Ki yi haƙuri. A gindin motar haƙa na tsince shi, saura kaɗan a take shi. Mu shida ne a ɗaki a wurin aikin nan, ko waya sai an hau tudu take kamawa, ina zan sa shi? Shugaban aiki ya ce ba hutu sai an gama gadar da muke ginawa. Dattijo kuwa tsufa ne kawai da shagwaɓa, ki zuba masa romo ki ga aiki. Za su saba.

Ƙanenki, Auta.

*

Auta,

Na gaishe ka don dole.

Romo na zuba, Guntu ya shanye. Kai komai za su saba. Haka ka ce ranar da na tattaro kayana na dawo gida don jinyar Inna, kai ka ɗauki jakarka.

Jiya na lallaɓa Dattijo da hannu har ƙofar shago. Ya kwanta, har ya fara lasar kwano. Sai wancan ɗan banzan ya shige ɗakin girki, na ƙwala masa kira. Ina juyowa na ga Dattijo ya miƙe da ƙyar, ƙafafun baya suna rawa, ya sunkuyar da kai ya nufi bayan katako. Kullum haka. Ko sunan kwikwiyon ba ya son ji. Na zauna a kan bencin Baba na yi kuka, ba na ɓoye maka. Na gaji, Auta. Makaranta, Inna, gida, yanzu kuma wannan.

Ka huta lafiya, tunda kai kana samun hutun.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki.

Ba kishi ba ne, laifina ne. Lokacin da Baba ya horar da Dattijo kina gidanki, ni nake shago tare da shi. Idan mai sayen kaya ya zo yana tsoron kare, kalma ɗaya Baba yake faɗa: "Tashi." Sai Dattijo ya koma bayan katako, ba ya fitowa, ba ya taɓa abinci, sai Baba ya buga benci sau biyu da tafin hannu. Ni na sa wa kwikwiyon sunan ne don yawan tsallensa, wallahi ko kaɗan abin bai zo mini a rai ba.

Wata guda ke nan ana korar Dattijo sau ashirin a rana, yana bi, yana jiran a buga benci. Ki daina kiran sunan nan. Ki buga masa bencin. Ki yafe mini, har da abin da ba na karnuka ba.

Ƙanenki.

*

Auta,

Sallama.

Na buga bencin. Dattijo ya fito, ya kwanta a ƙofar shago, ya ci rabin kwano. Inna da ta ji bugun daga ɗaki ta kira sunan Baba kafin ta tuna.

Kwikwiyon zai zauna. Inna ta sa masa Baƙo, bai fara amsawa ba tukuna. Da safen nan na same shi kwance a jikin Dattijo, tsohon bai kore shi ba.

Amma likita ya dawo. Ya ce yunwar ta taɓa wa Dattijo ƙoda, ba ya jin zai kai a gama gadarku. Ban yanke shawara kan yafiya ba. Ka hau tudun nan ka kira ni, ka faɗa mini ranar da za ka zo.

Yayarka.