Kamfai ko Gajeren Wando

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, yaya jikin Yaya? Allah ya sa bakin ya fara buɗewa.

Na iso tashar jiragen ruwa lafiya, na kuma ga kayan da ya yi oda kafin ciwon ya kayar da shi. Suna jibge a wani ƙaton sito mai rufin kwano, kwali kan kwali. Sai dai kwastan sun hana fita da su, wai sai an tantance ajinsu, don kowane aji da nasa harajin. Inna, da kunya nake faɗa, kayan ciki ne na maza. Ni da ban san komai ba sai alli da allo, ga ni ina bin ofis-ofis.

Ɗanki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Yayanka yana motsa hannun dama, magana ce har yanzu shiru.

Wasiƙarka ta ɗaure min kai. Yaushe mai shagon tufafi ya koma fawa? Kayan ciki a kwali, cikin wannan zafi? Ai sun ruɓe! Kuma wa ya taɓa ware hanjin maza da na mata? Matarsa ta karanta, ta toshe baki ta fice, ta ƙi gaya min komai. Yi magana a fili, ni na haife ku.

Shagon ya zama wayam, masu saye na leƙowa suna juyawa. Idan kayan nan ba su zo ba, ban san abin da zai tashi ya tarar ba.

Allah ya yi maka albarka,
Innarku

*

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ki gafarce ni, kamfai nake nufi, na auduga. Ko da yake yanzu ni ma ban tabbata ba.

Jami'i na farko, wani dogo mai tabarau, ya shafa ya ce kamfai ne, ga roba a ƙugu. Har na fara godiya, sai wata jami'a ta zura yatsa ta gano ɗan aljihu a gefe. Ta ce, "Malam, wa ke sa aljihu a kamfai? Wannan gajeren wando ne." Ta ce duk wanda ya rubuta kamfai a takardun so yake ya kauce wa haraji, kuma in ya tabbata za a ƙwace kayan, a sa sunan Yaya cikin 'yan fasa-ƙwauri.

Na uku ya ɗaga shi a jikin taga yana ja, ya ce duk sun bar jaki suna dukan taiki: abin tambaya shi ne, saƙar suwaita ce ko ta yadi? Suka juyo suna kallona. Na ce ni dai sakawa na iya.

Ɗanki mai biyayya,
Auta

*

Auta,

Ina amsa gaisuwa. Fasa-ƙwauri? Yayanka da ko allura ya tsinta sai ya yi cigiya! Kada ka baro wurin da wannan suna a kansa. Ka gaya wa matar nan, marigayi babanku bai taɓa tafiya ba sai da kamfai mai aljihu, tela yake ba wa ya ɗinka masa. In ba ta yarda ba, in zo da kaina.

Innarku

*

Inna,

Barka da war haka. Ba sai kin zo ba. Na ba su labarin Baba, suka ce ba ya cikin doka. Aka kai mu gaban shugabansu, wani dattijo mai furfura. Ya saurari kowa, ya miƙo min guda, ya nuna min banɗaki.

Inna, na saka. Na fito na tsaya a tsakiyar ofis, fanka na kaɗa min gwiwoyi, jami'ar ta kau da kai tana kallon silin. Dattijon ya ce, "Malam, za ka iya shiga aji a haka?" Na ce ko da wuƙa a wuya. Ya ce, "To, kamfai ne." Mai zancen saƙa ya buɗe baki, dattijon ya ce shi ma ko yana son gwadawa? Aka buga hatimi.

Sunan Yaya ya fita daga zargi. An loda kayan a mota, ni zan biyo baya in na karɓi sauran takardu. Don Allah kada matar Yaya ta ga wannan wasiƙar.

Ɗanki,
Auta

*

Auta,

Sannu da ƙoƙari. Kaya sun iso, kuma yayanka ya yi magana! Matarsa ta kai masa guda asibiti don ya ji daɗi. Ya jujjuya shi, ya daɗe yana kallo, sannan a hankali ya ce, "Na wane ne?" Wai shi safa ya yi oda.

Alhali ga sunansa a kowane kwali. Ni dai ban gane komai ba, amma na ji muryar ɗana. Maza dawo gida, yana ta cigiyarka.

Innarku